Ko Magani Yana Ɓata Tuban Ɗan Ƙwaya?

Babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram tana ratsa Birnin Ƙonni, ta wuce Tsarnawa da Malbaza, ta bi ta Dogarawa da Galmi kafin ta kai Madawa. Wanda ya bi ta da rani, lokacin da albasa ta nuna, zai ga abin da yankin ke ci da shi. Manyan motoci na jere a bakin kwalta, samari na loda buhunan albasar Galmi da za su tafi Abijan da Akara, 'yan kabu-kabu na kai da kawo tsakanin Ƙonni da Illela ta Najeriya, masu garka kuma suna ban ruwa tun kafin kiran assalatu. Aiki ne na ƙarfi cikin rana mai ƙuna, kuma gwargwadon abin da mutum ya ɗauka gwargwadon abin da zai kai gida. A irin wannan wuri ne tramol ta samu kasuwa, ba don nishaɗi da farko ba, sai don a kashe gajiya.

Asalinta maganin ciwo ce. Kamfanin Grünenthal na Jamus ya haɗa ta a 1962, ya fito da ita kasuwa a 1977. Likita na ba da mai miligiram 50 ko 100, kuma ba a son mutum ya wuce 400 a yini. Wadda ke yawo a tiren masu tallan magani kuwa akan same ta da 120, da 200, da 225, har 250, ga shi kuma wanda ya saba ba ya tsayawa kan ɗaya. Rahoton da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a 2018 ya nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na magungunan dangin afiyun da aka kama a duniya a 2016, a Afirka aka kama su, akasari tramol. Da Indiya ta tsananta doka a kanta a 2018, sai wasu ƙwayoyin suka maye gurbi. A Fabrairun 2025 binciken BBC ya bankaɗo wani kamfani a Mumbai da ke turo wa Afirka ta Yamma haɗin tafentadol da wani maganin sassauta jijiya, da sunaye irin su Tafrodol. A ƙetaren iyaka, rahoton binciken ƙasa na Najeriya na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 ne suka sha magungunan dangin afiyun ba da izinin likita ba cikin shekara guda.

Duk wannan sananne ne, kuma wa'azi bai rasa ba. Abin da ba a cika tattaunawa a kai ba shi ne ranar da yaron ya ce ya gaji, yana so ya daina. Likitocin duniya sun daɗe da matsaya: wanda jikinsa ya kamu da dangin afiyun ya fi samun lafiya idan an haɗa masa abu biyu, magani da zaman shawara. Sai dai manyan magungunan biyu, metadon da bufrenofin, su ma dangin afiyun ne. Nan ne uba zai je zaure ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, yaron nan ya ce ya tuba, amma likita ya ce a ba shi wata ƙwayar. Ashe ba an gudu ba a tsira ba ke nan?"

Tambayar tana da nauyi, kuma mai yin ta yana da hujja. Muslim ya ruwaito cewa Ɗariƙ ɗan Suwaid ya gaya wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cewa yana haɗa giya ne don magani, aka nuna masa cewa giya cuta ce, ba waraka ba. Malikawa sun riƙe wannan da ƙarfi. Muhtasar na Shehu Halil, littafin da manyan almajirai ke sauke fiƙihu a kansa daga Ƙonni har Sakkwato, ya halatta kurɓar giya ga wanda aka tilasta ko wanda loma ta shaƙe shi, amma ya hana yin magani da ita. Haka kuma duk yaron da ya fara karatun littafi ya ji a Ahalari cewa tuba tana da sharuɗɗa uku: nadama, da niyyar ba za a koma ba, da barin laifin nan take, ba jinkiri. To wanda zai riƙa karɓar ɗan'uwan abin da ya tuba daga gare shi kowace safiya, ina barin nan take?

Kafin a amsa, sai an san abin da ke faruwa a jikin. Idan mutum ya daɗe yana shan tramol ko kodin ko hiroyin, ƙwaƙwalwarsa tana daidaita kanta da su, har ta kai ba ya sha don ya ji daɗi, yana sha ne don kada ya kwanta ciwo. Ranar da ya rasa, sai hamma da majina da gumi, ciwon gaɓoɓi, gudawa, amai, rashin barci. Tramol ta ƙara da nata: tana taɓa wasu sinadaran ƙwaƙwalwa da sauran danginta ba su cika taɓawa ba, shi ya sa mai yawan shan ta kan faɗi kamar mai farfaɗiya, mai barin ta farat ɗaya kuma kan shiga firgici da ruɗewa. Bayan ciwon jiki ya wuce, marmarin yakan zauna watanni.

Metadon tana aiki a hankali, kashi ɗaya ya kai mutum yini da kwana. Idan an daidaita ma'auninta, ciwon ba ya zuwa, marmarin yana lafawa, kuma babu buguwa. Likitoci biyu a birnin New York, Vincent Dole da Marie Nyswander, su suka nuna haka a 1965, da suka ga masu shan hiroyin sun koma makaranta da wurin aiki. Bufrenofin, wadda ake sa wa ƙarƙashin harshe, tana da iyakar da ƙarfinta ba ya wucewa ko an ƙara, don haka ba ta kai metadon haɗarin tsayar da numfashi ba. Faransa ta ba likitocin unguwa izinin rubuta ta a 1996, kuma tsakanin 1995 da 1999 mace-macen da yawan shan dangin afiyun ke jawowa a ƙasar suka ragu da kashi 79 cikin ɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa magungunan biyu cikin jerin waɗanda bai kamata wata ƙasa ta rasa ba tun 2005.

Abin da zai ba wasu mamaki shi ne, malaman fiƙihu sun riga likitocin New York zuwa bakin wannan mas'ala da ɗaruruwan shekaru. Shihabuddin Al-Ƙarafi, babban Bamalike na Misira da ya rasu a 1285, ya kasa abubuwan da ke taɓa hankali gida uku a littafinsa Al-Furuƙ. Akwai mai bugarwa, wanda ke gusar da hankali tare da annashuwa da jin ƙarfin hali, kamar giya. Akwai mai ɓata hankali ba tare da wannan annashuwar ba. Akwai kuma mai kwantarwa, wanda ke ɗauke ji da gani gaba ɗaya. Na farkon ne kaɗai ke da haddi, shi ne najasa, kuma kaɗan ɗinsa haram ne kamar mai yawansa. Sauran biyun, abin da aka hana shi ne gwargwadon da ke taɓa hankali. Malikawa da yawa da suka biyo baya ba su sa afiyun cikin kashi na farko ba. Ba kowa ya yarda da wannan rabo ba: Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya ɗauki wiwi a matsayin mai bugarwa sosai, hukuncinsa hukuncin giya. Kuma babu wanda ya ce rabon ya halatta wa saurayi haɗiye tramol uku don ya wuni yana lodi. Amma ya kafa ma'auni: a duba abin da ƙwayar ke yi wa hankalin mutum a gwargwadon da ya sha.

Wanda ya kai mas'alar har ƙofar gida shi ne Al-Haɗɗab, mai Mawahibul Jalil, sharhin Muhtasar ɗin nan dai, wanda ya rasu a 1547. Ya yi magana kan mutumin da aka jarrabe shi da cin afiyun har yana tsoron mutuwa idan ya bari. Hukuncin da ya kawo shi ne, ya halatta gare shi ya ci gwargwadon da ba zai taɓa hankalinsa da gaɓoɓinsa ba, ya kuma yi iya ƙoƙarinsa wajen ragewa har ya yanke, tare da tuba da nadama kan abin da ya wuce. A zamani guda, an yi wa Ibn Hajar Al-Haitami na Makka, Bashafi'e, irin wannan tambaya, ya ce idan halakar ta tabbata to ci ya wajaba, kamar mushe ga wanda yunwa za ta kashe, kuma ragewa sannu a hankali ita ma wajibi ce. Ibn Abidin, jigon Hanafawan Sham, ya ɗauko wannan fatawa ya sa a littafinsa. Mazhabobi uku ke nan suka haɗu kan cewa mutum zai iya zama mai tuba na gaskiya alhali jikinsa bai gama rabuwa da abin ba.

Da wannan ake gane inda barin nan take yake. Abin da mai tuba ya bari a ranar da ya je asibiti shi ne neman buguwa, da ƙaryar da yake yi wa mahaifiyarsa, da kuɗin cefane da yake kai wa mai tire. Abin da ya rage a jikinsa ciwo ne, kuma ciwo ba ya jin umarni. Wanda ya hau saman rumbu ya yanke shawarar sauka, tsani zai nema, kuma ba a cewa bai yi niyya ba don an gan shi a matakin tsakiya. Ita kanta giya a matakai aka hana ta: ayar Baƙara ta 219 ta nuna laifinta ya fi amfaninta, ta Nisa'i ta 43 ta raba ta da salla, sannan ta Ma'ida ta 90 ta rufe ƙofar. Malamai sun yi gaskiya da suke cewa hukuncin ya riga ya cika, ba mai komawa matakin farko. Sai dai Nana A'isha, kamar yadda Buhari ya ruwaito, ta bayyana hikimar: da hanin ne ya fara sauka, da mutane sun ce ba za su taɓa bari ba.

Akwai dai wurin da fiƙihun da da likitancin yau ba su gama daidaitawa ba, kuma bai kamata a rufe shi da tabarma ba. Malaman sun rataya halaccin ne ga tsoron mutuwa, suka kuma shardanta ragewa. Likitoci kuwa sun san cewa ciwon barin dangin afiyun, duk da azabarsa, ba kasafai yake kisa ba, kuma sukan bar mutum kan metadon shekaru ba tare da an rage ba. To ina larurar?

Larurar tana bayan an daina. Jikin da ya yi makonni bai sha ba yana rasa juriyarsa, idan mutum ya koma ya sha yawan da ya saba a da, numfashinsa na iya tsayawa. Wani bincike da aka buga a 2007 kan fursunonin da aka saki a jihar Washington ta Amurka ya gano cewa a makonni biyun farko bayan fitowa, haɗarin mutuwarsu ta yawan shan ƙwaya ya ninka na sauran jama'a sau 129. Wani kuma da ya tattara binciken ƙasashe da dama, wanda mujallar likitocin Birtaniya ta buga a 2017, ya samu cewa cikin mutum dubu masu karɓar metadon kusan 11 ke mutuwa a shekara, cikin dubun da suka bar ta kuwa kusan 36. Mutuwar da Al-Haɗɗab ya ji tsoro tana nan, ta dai matsa gaba da 'yan makonni. Idan kiyaye rai na cikin manyan manufofin shari'a tare da kiyaye hankali, to mai fatawa na da dalilin barin lokacin ragewa a hannun likita amintacce, kamar yadda yake barin masa maganar azumin mai ciwon suga. Ga masu tramol ma sau da yawa abin bai kai shekaru ba. Yawancin binciken nan kan masu hiroyin aka yi shi, kuma mai tramol da bai yi nisa ba akan rage masa ne sannu a hankali cikin makonni a ƙarƙashin kulawa, wanda shi ne ainihin abin da malaman suka faɗa.

Wannan lissafi ne kuma ke nuna aibin hanyar da iyaye suka fi sani, wato gidan mari. A Satumban 2019 'yan sanda suka fitar da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, bayan makonni kaɗan aka buɗe irinsa a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne, sun rasa inda za su nufa ne. Amma mari yana tsare ƙafa ne kawai. Yaron zai fito jikinsa ya rasa juriya, marmarin na nan, abokan fada na nan, mai tire ma na nan, ga kuma ƙullin da ya ƙulla da uban da ya sa aka ɗaure shi.

Maganar giya ta fi sauƙi a fiƙihu, ta fi tsanani a asibiti. A garuruwan kan iyaka da kan babbar hanya ana shan ta, ta kwalba da burkutu, sai dai kunya ta sa a ɓoye, kuma ɓoyewar ce ke sa a makara. Wanda ya shekara yana sha kullum, idan ya yanke farat ɗaya, cikin kwana biyu zuwa uku yana iya shiga karkarwa, da faɗuwa, da gane-gane, har ya mutu. Nan tsoron mutuwar na zahiri ne. Ba a kuma bukatar a ba shi giya don ya tsira, don haka hanin Shehu Halil na nan daram: 'yan kwanaki na diyazefam da sinadarin tiyamin a gadon asibiti sun wadatar. Sai dai diyazefam ɗin ita ce D5 da samari ke saye a tasha, abin da ke sake nuna cewa ƙwaya guda tana zama waraka ko masifa gwargwadon wanda ya ba da ita, da yawanta, da dalilinta. Magungunan da ke biyo baya kuwa ba sa bugarwa ko kaɗan. Naltirekson, wadda Amurka ta amince da ita don giya a 1994, tana dusashe daɗin da mashayi ke ji. Akamfurosat tana kwantar da ƙwaƙwalwar da ta saba da giya. Disulfiram, da aka gano a Denmak a ƙarshen shekarun 1940, tana sa wanda ya kurɓa ya yi amai zuciyarsa na dukan uku-uku, kuma an ga ta fi aiki idan wani na gida ne ke miƙa ta kowace safiya.

Wannan batu na mai miƙawa shi ke kai ga rabi na biyu na jinyar. Magani yana sayo wa mutum natsuwa, amma ba ya gaya masa abin da zai yi da ita. Zaman shawara shi ne inda ake zama da shi a gano lokacin da marmarin ke taso masa, da wurin, da mutanen. Me zai ce wa abokin da ya miƙo masa. Yaya zai yi lodin albasa ba ƙwaya, ko kuwa sana'ar ce za a sauya. Wane bashi ke hana shi barci. Yaya za a gyara tsakaninsa da matarsa. Akan tarar da baƙin ciki ko firgici a ƙarƙashin shan, su ma a yi musu magani. Kuma ana shiga zaman ne da sanin cewa zamewa na iya faruwa, idan ta faru a dawo a ci gaba. Buhari ya ruwaito labarin wani sahabi mai ba Manzon Allah dariya, wanda aka sha kawowa saboda giya. Da wani ya la'ance shi don yawan kawo shi da ake yi, Manzon Allah ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. An tsayar masa da hukunci, amma ba a kore shi daga cikin jama'a ba.

Wasu ƙasashen da ke da Musulmi da yawa sun haɗa ɓangarorin biyu a aikace. Maleshiya ta fara ba da metadon a 2005, kuma a 2010 likitocin Jami'ar Malaya suka buɗe wurin ba da ita a masallacin Ar-Rahman na Kuala Lumpur, inda masu jinya ke yin alwala da salla, su ji nasiha, su karɓi maganinsu a gaban ma'aikaci. Tanzaniya ta buɗe nata a asibitin Muhimbili na Darussalam a 2011. A Senegal, cibiyar CEPIAD da ke asibitin Fann na Dakar ta buɗe a Disamban 2014, ta zama ta farko a Afirka ta Yamma da gwamnati ke ba da metadon, tare da masu ba da shawara da gwajin ƙanjamau da ciwon hanta a wuri guda. A duk waɗannan wurare tsaron maganin na da tsanani, domin metadon da ta fita hannun ma'aikaci ta faɗa hannun yaro ko wanda bai saba ba tana kisa. A yankin da magani ke yawo a tire a rana, wannan tsoro na masu adawa gaskiya ne, kuma duk shirin da bai amsa shi ba zai ƙara wa kasuwa haja ne kawai.

Daga Dogarawa, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai ya fi kilomita 400. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, kan hanyar Illela zuwa Sakkwato, ya fi kusa, amma sai an ƙetare iyaka. Abin da ke hannu shi ne asibitocin gundumomi na Ƙonni da Madawa, da asibitin mishan na Galmi da ke karɓar marasa lafiya tun 1950, da ƙananan asibitocin karkara inda majo ke duba kowa da kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari tun 2010 na koya wa irin waɗannan ma'aikata, waɗanda ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba, yadda za su gane mai ciwon barin giya ko ƙwaya, su kula da shi, su san wanda ya kamata a tura gaba. Ragewar tramol a hankali da jinyar kwanakin farko na mashayi ba su fi ƙarfin asibitin gunduma ba. Abin da majo ba zai iya yi shi kaɗai ba shi ne sa iyali su kawo yaron da rana tsaka ba tare da jin an tozarta su ba, da samo kawu ko yaya da zai riƙe maganin a akwatinsa ya riƙa ba shi a ƙa'ida, da shawo kan mai garka ya mayar da shi aiki. Waɗannan suna hannun liman da mai gari da dattawan unguwa, kuma yawancinsu za su jira ne su ji abin da malamin zaure zai ce wa uban da ya zo da tambaya.